A Daina Gaggawar Yi Wa Waya Filashin

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in ba 'yan uwa labarin abin da ya same ni ana saura kwana goma ƙaramar sallah.

Ni tela ne a Fagge. Tun da na daina rubuta awo a littafi, komai nawa ya koma cikin waya: awon mutum sama da 200, hoton yadin kowa da ɗinkin da ya zaɓa, wanda ya ba da kafin alƙalami da wanda ya ce sai ya dawo. Akwai kuma muryar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, tana yi wa jikokinta tatsuniya. Wayar ta faɗo daga kan keke, gilashi ya tsage. Ƙanena, wanda kallon bidiyo biyu a YouTube ya mayar da shi injiniya, ya ce, "Yaya, bar min ita." Ya sayo sikirin, ya gasa bayan wayar da abin busar da gashi na maiɗakina, ya ɓanɓare da tsohon katin banki. Ta kawo haske kuwa, har muka tafa masa.

Sai dai ta ƙi karɓar yatsa, ta ce sai lambar sirri, kamar yadda waya take yi duk lokacin da aka kashe ta aka kunna. Lambar kuwa na san ta kamar sunana. Sabon sikirin ɗin ne ba ya ji: in danna 4 ya ba ni 7, ƙasansa kuma ko gezau. Muna ta gwadawa har ta ce a jira daƙiƙa 30, daga nan jiran ya riƙa tsawo.

Mai gyaran da na fara kai wa ko juya ta bai yi ba ya ce, "Alhaji, sai filashin." Na ce kayana na ciki fa? Ya ce, "Za mu gani." Wannan "za mu gani" ita ta sa na ɗauki alƙalami. Babu abin da za a gani. Filashin, wato goge waya a sake zuba mata manhajarta, shara ce, kuma abin da ta share ya tafi. Wayoyin yanzu suna juya duk abin da ke cikinsu zuwa rubutun sirri, mabuɗinsa kuma yana ɗaure da lambarka da injin wayar kansa. Kamfanin Apple, mai ƙera iPhone, ya tsaurara wannan tun 2014, wayoyin da suka fito da Android 10 daga 2019 kuma dole aka yi musu. A 2016 hukumar FBI ta Amurka sai da ta kai Apple kotu kan buɗe iPhone guda ɗaya tak. To ina ga yaro mai tebur da laima? Bayan filashin ma ba a huta ba, don wayar za ta nemi Gmail ɗin da ke kanta a da. Mu da yawa kuma mai shago ne ya buɗe mana ranar da muka saya, ko lambarsa ba mu tambaya ba.

Allah ya haɗa ni da wani dattijo a can ƙuryar kasuwa. Tambayarsa ɗaya: "Ka san lambarka?" Na ce na sani. Ya ce to daga yanzu kada wanda ya ƙara taɓa ta. Muka zauna har lokacin jiran ya cika, ya jawo durowa ya ɗauko wata 'yar igiya da suke kira OTG, ya jona mata linzamin kwamfuta, wato maus. Sai ga ɗan kibiya yana yawo a fuskar waya. Ya miƙo min, ya kau da kai. Hannuna na rawa na danna lambobin ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe. Ya ce na yi sa'a, don wasu wayoyin ba sa karɓar maus sai in an kunna musu OTG tun kafin su kulle. Da haka ne, da sai ya ɗora mata lafiyayyen sikirin na aro. A nan take ya kwashe komai zuwa kwamfutarsa, ya zuba min a memori, ya goge nasa a gabana, ya kuma kunna min ajiyar Google ta hotuna da WhatsApp.

Roƙona ga shugabannin masu gyaran waya, su wajabta wa yaransu faɗin gaskiya da Hausa kafin su taɓa wayar mutum: "Komai naka zai goge, ka yarda?" Ƙanena kuwa har yau yana nan a kan bakansa, wai sikirin ɗin ne jabu, aikinsa lafiya lau.

Naka,
Wani tela daga Fagge, Kano