A rage wa iyayen amare nauyin allon gado

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ake ganin ƙarami ne, alhali yana cikin abubuwan da ke jefa iyayen amare a bashi a nan Maraɗi, wato ƙaton allon da ake kafawa a kan gado, wanda yanzu ake ganin ɗakin amarya bai cika ba sai da shi.

Duk wanda ya taɓa zuwa wajen kafinta neman kayan ɗaki ya san cewa wannan allo ne ke ɗaga kuɗin gado, saboda madubi da soso da ledar da ake lulluɓe shi da su. Abin takaicin shi ne, da yawa daga cikinsu ba katakon kirki ba ne, garin katako ne da aka matse da gam, wanda da zarar danshin watan Agusta ya ratso bango sai ya kumbura ya fara marmashewa. Kuɗin cizo kuma ba ya samun maɓoya irin ɗinkin wannan soso, ga shi ba a iya cire shi a wanke. Mai zaman haya kuwa, ranar tashi sai an kwance shi an ɗora a amalanke, kuma da wuya ya isa sabon gida ba tare da ya gutsure ba.

Yadi zai yi wannan aiki da kuɗi kaɗan. Turmin atamfa yadi shida ne, faɗinta kuma ya ɗan haura mita ɗaya, don haka yadi biyu, wato kusan santimita 180, sun isa su rufe bangon da ke bayan gado mai faɗin santimita 160. Tela zai naɗe bakin sama ya bar hanyar da ƙarfen labule zai shige, ya kuma sa ɗan siririn ƙarfe ko kara mai nauyi a bakin ƙasa, domin yadin ya miƙe sosai kada iskar fanka ta riƙa kaɗa shi. Idan bangon siminti ne, ƙusa biyu sun wadatar. Idan na ƙasa ne, ƙusa ba ta riƙewa, sai a kafa ɗan dogon turken icce ko a sauko da igiya daga azara.

Wadda ke son abin jingina bayanta, ta sa a ɗinka mata matasai biyu masu faɗi, kowanne da maɗauri a sama, a zura su a ƙarfen. Ana iya cika su da guntun soson tsohuwar katifa ko audugar rimi, a yi musu riga mai zif. Wannan ita ce hanyar da na fi so, domin a watannin hunturu, lokacin da ƙura ke shiga har cikin akwati, ana zare rigar a wanke ta da safe, kafin azahar ta bushe. Idan aka ga alamar kuɗin cizo, ruwan zafi da shanya a rana sun fi duk wani feshi sauƙi a aljihu. Akwai kuma masu shimfiɗa soso a kan siririn katakon silin su ja yadi su buga masa ƙananan ƙusoshi ta baya. Yana da kyau a ido, amma ya gaji matsalar rashin wankuwa.

Ba dole sai sabuwar atamfa ba. A akwatunan iyayenmu akwai luru da gwado da zanen saƙi da rinin baba mai duhu, waɗanda masaƙa da marina suka sha wahalarsu, sun shekara a naɗe ba a amfani da su. Na ga ɗakin wata amarya da aka rataya farin luru mai zanen shuɗi na kakarta a bayan gadon ƙarfe, kuma duk matan da suka zo ganin ɗaki a gabansa suka tsaya suna shafa zaren da hannu.

Sai dai a kiyaye wuta. Yadi da soso, musamman audugar rimi, suna kamawa nan take, saboda haka kada a rataye su kusa da soket, kada kuma a ajiye kyandir, kaskon turare ko maganin sauro na kunnawa a ƙarƙashinsu. A bar ɗan fili tsakanin yadin da katifa domin a iya cusa bakin sange ta kowane ɓangare, tun da zazzaɓin cizon sauro ba ya ɗaga mana ƙafa a damina.

Na san abin da ke hana mutane shi ne tsoron bakin dangin ango, kada a ce an kawo ƴarsu da gado tsirara. A nan ne nake kira ga gwaggonni da innoni masu jeren ɗaki, tun da su ake saurare a ranar, su fara yaba wa ɗakin da aka gyara da dabara. Teloli na Babbar Kasuwa da na cikin unguwanni kuma su ɗinka samfuri su rataya a shagunansu, cibiyoyin koyar da ɗinki su sa shi cikin darasin ƴan mata, domin uwar amarya ta gan shi da idonta kafin ta je ta ba kafinta kafin alƙalami.

Na gode da ba ni wannan dama.

Wata mai karanta jaridarku,
Unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi