Rahoton Ayyukan Shekara: Sa Ido Kan Hukumar Lafiya, Cizon Kare da Sauran Al'amuran Dabbobi

Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan kwamiti da sauran 'yan uwa mambobi, assalamu alaikum.

Kamar yadda tsarin ƙungiya ya tanada, ga bayanin abin da muka yi a shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta nasa daban, don haka ba zan taɓo shi ba. Sababbin mambobi kuwa, bari in tuna muku matsayinmu: mu ba hukuma ba ne, ba mu kama kare, ba mu cin tarar kowa. Hukumar lafiya ta yankinmu ita doka ta ɗora wa nauyin tsafta, ruwan sha, mayanka da dabbobin da ke yawo a gari. Namu shi ne mu zauna a kujerun baya idan tana zama, mu saurara, mu rubuta abin da aka yi alkawari, sannan mu dawo mu tambayi ina aka kwana.

Bana kusan duk ƙarfinmu a kan kare ya ƙare, kuma ba mu muka zaɓi hakan ba.

A farkon shekara wani kare ya ciji wani yaro a sha-raɓa yana dawowa daga makaranta. Kafin uwarsa ta fito, matasan layin sun bi karen da sanduna sun kashe, sun jefa mushen a juji. A ɗakin shan magani aka wanke wa yaron rauni da maganin shafawa, aka naɗe da bandeji, aka yi masa allurar tetanus, aka ce ya tafi gida. Ba wanda ya tambayi ina karen, ba wanda ya sanar da duba-gari, likitan dabbobi kuwa bai ma ji labari ba. Sai da wata mambarmu, tsohuwar malamar asibiti, ta je dubiya ta ji yadda aka yi, ta kafe a kan sai an kai yaron inda ake da allurar haukan kare. Aka kai shi, aka fara masa, ya kammala. Yaron yana nan lafiya, alhamdu lillahi. Amma da baiwar Allah ɗin nan ba ta je dubiya ba, ban san wane rahoto zan karanta muku yau ba.

Da maganar ta isa zaman hukuma, shawarar farko da aka kawo ita ce wadda aka saba: a fito da dare a watsa nama mai guba, a rage karnukan titi. Nan muka nemi izinin magana, kuma a ganina wannan ne aiki mafi nauyi da ƙungiya ta yi a shekarar nan. Mun shaida musu cewa an bar jaki ana dukan taiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana faɗin cewa kashe karnuka barkatai ba ya kawar da ciwon haukan kare. Dalilin ba boyayye ba ne. Muddin juji yana nan cike da ragowar abinci, karnukan da suka tsira za su hayayyafa, na wasu wurare su shigo su cike gurbin. Guba kuma ba ta tambayar kare ko an yi masa rigakafi. Sau da yawa karen gida mai allura, wanda bai saba gudun mutane ba, shi ke fara cin naman. Ka kashe wanda yake katanga, ka buɗe ƙofa ga baƙon da ba a san lafiyarsa ba. Ga kaji, ga maguna, ga ƙananan yara masu tsintar abu a ƙasa.

Abin da ke aiki shi ne allura. Idan aka yi wa aƙalla kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki rigakafi, aka kuma maimaita kowace shekara, cutar takan rasa hanyar wucewa daga kare zuwa kare, ta mutu da kanta. Ƙasashen Latin Amurka sun fara irin wannan gangami tare a 1983, adadin mutanen da cutar ke kamawa ya ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari, har a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Meziko a matsayin ƙasa ta farko da ta raba jama'arta da haukan kare mai zuwa ta cizon kare. Mun karanta musu sauran alkaluman ma, don kada a ɗauka muna kare haƙƙin karnuka ne kawai: ana ƙiyasin cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara a duniya, kashi 95 cikin ɗari a Asiya da Afirka, kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma har kashi 99 cikin ɗari na masu kamuwa daga kare suke samu.

Wani ɗan hukumar ya ce ai kare ba huruminsu ba ne, na ma'aikatar dabbobi ne. Mataimakin shugabanmu ya ba shi amsar da har yanzu nake jin daɗinta idan na tuna. Ya ce tun dokar lafiyar jama'a ta 1848 a Ingila, wadda ta ba garuruwa damar kafa irin waɗannan hukumomi, mayanka na cikin abubuwan da aka ba su iko a kai tare da magudanan ruwa. Ke nan tun asali ba a raba lafiyar mutum da ta dabba ba. Sai ya ƙara da cewa yaron da aka ciza ba asibitin dabbobi aka kai shi ba. An yi dariya, aka kuma jingine maganar guba. Na ce jinginewa, ban ce sokewa ba, don a cikin kundin zaman haka aka rubuta, kuma wanda ya kawo shawarar bai sauya ra'ayi ba.

Daga nan hukuma ta amince a yi gangamin rigakafi tare da likitocin dabbobi, aka tsayar da makon 28 ga Satumba, Ranar Yaƙi da Haukan Kare ta Duniya. Ranar ta dace da ranar rasuwar Louis Pasteur a 1895, masanin nan na Faransa da ya fara gwada allurar a jikin wani yaro ɗan shekara 9 a 1885. Namu aikin shi ne shela gida-gida, riƙe rajista, da ɗaukar akwatin sanyi, don allurar ba ta son zafi, idan ta daɗe a cikinsa ƙarfinta yakan ragu.

Abin da na gani a ranar ya koya mini darasi. Manya ba su fito da karnuka ba, yara ne suka kawo su. Wani yaro ya zo da 'yan kwikwiyo uku a cikin kwali, uwarsu tana biye da shi ba igiya ba komai. Likita ya ce a riƙe ta, mu manya muka tsaya muna kallon juna. Yaron ya durƙusa, ya rungume wuyanta, ya rufe mata ido da tafin hannu yana yi mata magana a kunne, kafin ta farga an gama. Aka shafa mata fenti a gadon baya don masu zagaye su gane an yi mata, 'yan kwikwiyon ma aka yi musu. Wannan karyar, da a takarda ne, "karen titi" za a rubuta ta. Alhali tana da mai ita, tana da inda take kwana. Yawancin karnukan da ake cewa ba su da iyayen gida haka suke, sakin su kawai ake yi. Saboda haka badi shelarmu daga makarantu za ta fara, ba daga ƙofar gidaje ba.

Ba zan ɓoye muku inda gangamin ya gaza ba. Allura ta ƙare kafin a kai gefen gari, inda masu gadi da mafarauta suka fi tara karnuka. Mafi muni, hukuma ba ta da ƙidayar karnukan yankin, saboda haka da aka tashi rubuta rahoton nasara, ba mai iya cewa an kai kashi 70 ɗin ko ba a kai ba. Kashi 70 na nawa? Mun ba da shawarar a bi hanyar da ake bi a wasu wurare, wato kwana ɗaya ko biyu bayan gangami a zagaya layi-layi ana ƙirga karnuka masu fenti da marasa fenti. An ce za a duba. Kafin a gama dubawa fentin ya goge.

Abu na biyu da muka matsa a kai shi ne littafin cizo, kuma shi ne abin da na fi alfahari da shi duk da ƙanƙantarsa. Littafi ne na rajista da aka ajiye a kowane ɗakin shan magani: ranar cizo, shekarun wanda aka ciza, wurin raunin, layin da abin ya faru, ko an san karen, ko yana raye. Sharaɗin shi ne a ranar a kira duba-gari, shi kuma ya kira likitan dabbobi. Idan karen yana raye a tsare shi kwana 10 ana lura da shi. Idan ya wuce kwanakin lafiya ƙalau, ana iya dakatar da sauran allurar wanda aka ciza. Amma ba a jiran kwana 10 kafin a fara allurar, farawa a ranar ake yi. Idan kuma an riga an kashe karen, kada a jefar, ƙwaƙwalwarsa ce ake gwadawa a ɗakin bincike. Da muka zagaya duba littattafan a ƙarshen shekara, wasu wuraren sun cika shafuka tsaf, a wani wurin kuma sai da aka ɗaga tulin takardu kafin a gano littafin, ko layi ɗaya ba a rubuta ba. Mun kai wa hukuma rahoton haka ba tare da kiran sunan kowa ba, don ba tonon silili muka je yi ba.

Mun kuma yi zaman wayar da kai a makarantu da wuraren taruwar mata. Saƙon guda ne, ina roƙon kowane mamba ya haddace shi: wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a agogo, ba a kimanta ba, sannan a garzaya asibiti a ranar ko da raunin bai kai ya kawo ba. Cutar takan yi wata 2 zuwa 3 tana kwance a jiki, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, shi ya sa mutane ke sakankancewa idan rauni ya warke. Da zarar alamu sun bayyana, irin su tsoron ruwa da ruɗewa, kusan ba mai tashi. Idan cizon ya huda fata akwai wani magani na daban da ake ɗurawa a cikin raunin tare da allurar, a tambaya. Mage da jemage ma suna iya ɗaukar cutar.

Sauran al'amura zan taƙaita su. Koke-koken ɓeraye sun yi yawa a kusa da wuraren zuba shara. Mun roƙi hukuma ta fi mai da hankali kan kwashe shara a kan lokaci da toshe ramuka maimakon raba shinkafar ɓera, wadda yara da kaji ke iya ɗauka; an ƙara yawan zuwan motar shara na ɗan lokaci, daga baya aka koma gidan jiya. Game da mayanka, mun raka duba-gari zagaye sau ɗaya, muka tarar jini da ruwan wanki suna gangarowa cikin kwatar da ta ratsa gidaje, karnuka kuma sun mai da wurin masauki. An ba da takardar gargaɗi, an haƙa ramin zuba ƙazanta, wannan kam an yi. Mushen dabba da ake yasarwa a bakin hanya har yanzu ba a tsayar da wanda zai riƙa kwashewa ba, kowane ofishi yana tura wa ɗan uwansa. Tsofaffin rijiyoyi marasa murfi da muka kai ƙara tun bara, an rufe waɗanda ke kusa da makarantu, na cikin kangwaye suna nan baki buɗe.

Mu ma muna da namu laifin, kuma ni ne kan gaba. Zaman da hukuma ta yi na tsara kasafin shekara mai zuwa, ba ko mutum ɗaya daga cikinmu da ya halarta, don na aika sanarwa a makare. A wannan zaman ne ake yanke ko za a ware wani abu na allurar karnuka. Zuwanmu bayan an rufe kasafi ihu ne bayan hari. Ina neman afuwarku. Haka kuma zuwa zaman hukuma ya koma kan mutane ƙalilan, kullum fuskokin nan ne, har 'yan hukumar sun fara ɗaukar mu kamar wasu 'yan tsiraru masu neman magana.

Akwai alkawarin da manyan hukumomin lafiyar mutane da na dabbobi na duniya suka ɗauka na ganin ba wanda ya sake mutuwa da haukan kare ta cizon kare nan da 2030, kuma da shi muke riƙe hukumarmu idan ta fara ja da baya. A shekara mai kamawa kwamiti yana neman amincewarku kan abu uku: mu nemi hukuma ta soke shawarar guba a rubuce, mu nemi a sa gangamin rigakafi cikin kasafi don kada ya dogara da roƙo, mu kuma ɗauki ƙidayar karnuka a kanmu tun da ba ta buƙatar komai sai ƙafa da biro. Ƙidayar tana son mutum biyu a kowane layi, da sassafe kafin karnuka su shige inuwa. Takardar rubuta suna tana kan teburin mataimakiyar sakatare, mai sha'awa ya sa sunansa da layinsu kafin a tashi.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya