Fim ɗin CODA da nauyin da ke kan 'ya'yan kurame

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan fim ɗin CODA na 2021, wanda ya lashe kyautar Oscar ta gwarzon fim a 2022. Labarin Ruby ne, budurwa 'yar shekara 17 a garin Gloucester na Amurka, wadda ita kaɗai ke ji a gidansu. Iyayenta da yayanta duk kurame ne, sana'arsu kamun kifi. Tun asuba tana cikin jirgin kamun kifi, ita ke ciniki da dillalai, har gaban likita ita ce tafinta, tana fassara abin da bai kamata ɗiya ta ji daga bakin iyayenta ba. Ga shi kuma waƙa take son karanta a Boston.

Abin da ya burge ni, kurame na gaske ne suka fito a matsayin iyalin, har Troy Kotsur, uban, ya samu tasa kyautar. Ƙarshen dai ya yi daɗi fiye da kima, a ganina.

Mu ma muna da irin Ruby a Kano da Zariya. Asibitoci da kotuna su ɗauki tafintocin maganar hannu, a bar yaran nan su je makaranta.

Wassalam,
Wani mai karatu, Kano.