Kafin ku tambaye ni wace kyamara, ku faɗa min wane aiki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana da ƙannena masu shigowa harkar fim da ɗaukar bidiyo, da kuma alhazan da ke zuba musu jari.

Na fara riƙe kyamara tun zamanin kaset ɗin VHS, lokacin da muke saɓa Panasonic M3000 mu yini a gidan biki, mu koma gida kafaɗa ta sage. Na yi zamanin ƙaramin kaset da Sony PD170. Ina nan Canon 5D Mark II, wadda ta fito a 2008, ta iso mana, kowa ya ga fuskar ɗan wasa ta fito tas, bayansa ya dushe, aka ce ai mun kamo Indiya. Tun daga lokacin tambaya ɗaya ce ke bi na a waya da bakin ofisoshin 'yan fim na Titin Gidan Zu a Kano: "Oga, wace kyamara ce ta fi?" Idan na ce me za ka ɗauka da ita, sai yaro ya dube ni kamar ina masa rowar sani.

Bari in ba da labarin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A watan Afrilun bara wani matashin furodusa ya kira ni aikin fim mai dogon zango da zai riƙa sakawa a YouTube duk mako. Wani alhaji ne ya ba shi jari. Kafin ya neme ni ya riga ya kashe fiye da rabin kuɗin wajen sayen wata ƙaramar kyamara ta zamani, irin waɗanda asalinsu na hoton kati ne aka ƙara musu bidiyo. Ba zan kama sunanta ba, don ba laifinta ba ne, an kai ta inda ba a yi ta domin shi ba. Ya ajiye min ita a kan tebur yana murmushi, ya ce, "Oga, 8K take ɗauka," wato hoto mai matuƙar tsabta da nauyi, don K ma'aunin yawan ɗigon da ke cikin hoto ne. Na ce masa madalla, ina makirfo? Ya ce akwai na jikinta. Ina fitilu? Ya ce ai tana gani a duhu.

Muka tafi lokeshin, wani ƙauye a wajen Kano, ɗakin rufin kwano mai taga ɗaya. Wanda ya san Kano a Afrilu ya san zafi na wuce digiri 40, balle a ƙarƙashin kwano da mutum goma sha a ɗaki, an kashe fanka don kada ƙararta ta shiga sauti. Fitowar da za mu ɗauka ita ce zuciyar labarin: uwa ana gaya mata rasuwar ɗanta. Baiwar Allah da ke wasan ta ƙi a shafa mata man zafi a ido, ta ce a ba ta minti biyar. Ta zauna a lungu ta yi shiru, ta taso idonta ya kaɗa. Darakta ya ba da umarni. Hawaye ya fara gangarowa ke nan, sai alamar zafi ta bayyana a fuskar kyamara, kyamarar ta mutu a hannuna. Muka fito da ita waje, muka buɗe murfin batir, yaro ɗaya na riƙe da lema, wani na yi mata fifita da murfin kwali, muka naɗe ruwan leda mai sanyi a tsumma muka jingina mata. Da ta huce muka koma, amma hawayen nan bai dawo ba. Na biyun da man zafi aka yi shi, kuma duk wanda ya kalla zai gane.

Wannan shi ne abin da takardar talla ba ta faɗa. Kyamarar da aka ƙera don dogon ɗauka tana da hanyar fitar da zafi. Sony FX3 da ƙanwarta FX30 fanka ce a cikinsu. Panasonic GH5, duk da ta tsufa tun 2017, ba ta da iyakar mintocin ɗauka. Mutumin da zai yi aiki a Kano ko Sakkwato ko Damagaram a bazara, wannan ya kamata ya fara tambaya kafin ya tambayi yawan K.

Sai maganar ajiya, wadda ita ce ta ƙarasa mu. Lissafin ba wuya. Kyamarar da ke rubuta megabit 100 a daƙiƙa tana cin kusan gigabait 45 a awa ɗaya. In ka ɗaga ta zuwa 400, awa ɗaya ta zama gigabait 180. Mu kuwa a rana mukan tara awa uku ko huɗu, da maimaici da kuskure da dariyar 'yan wasa. A rana ta uku katunan memori biyu da muke da su suka cika, rumbun ajiya ɗaya tak ya kusa cika, kuma babu na biyu da za a kwafa a ciki don gudun tsautsayi. Na lallaɓa furodusan muka sauko da tsabtar hoton zuwa 1080, wanda bai kai wancan nauyi ba. Abin da aka riga aka ɗauka da nauyi kuma, da ya isa hannun mai tacewa, kwamfutarsa ta riƙa tafiya kamar jakin da aka yi wa lodin yashi, hoto ya motsa ya tsaya, ya motsa ya tsaya, ga wuta ana kawowa ana ɗaukewa. An ɗauki Dala ba gammo.

Duk wannan wahala don wa? Ku leƙa wayar mai shayi ko ta matan gida da daddare. Yawancin masu kallonmu a waya suke kallo, kuma da hannunsu suke sauke hoton zuwa 360 ko 480 don data ta kai su ƙarshen mako. Ban taɓa jin wanda ya bar fim don bai ga ramin gashin fuskar jarumi ba. Amma na sha ganin an bar fim a minti na biyu don ba a jin abin da ake faɗa.

A nan nake so in daɗe, domin sauti shi ne marayan wannan sana'a. Fim ɗin Hausa magana ce. Habaici, gatse, zaurance, kishiya ta jefa wa kishiya kalma ɗaya a tsakar gida, wannan shi ne abin da mutane ke biya su gani. Makirfon jikin kyamara kuwa ba ya zaɓe: yana kwasar numfashin mai ɗauka, da kukan janareta, da hon ɗin adaidaita sahu, da akuyar maƙwabta, sannan muryar ɗan wasa ta zo daga nesa kamar daga cikin rijiya. Saboda haka idan zan duba kyamara, nakan juya ta in ga ko tana da kafar manyan makirfo, wadda ake kira XLR, da kafar abin sawa a kunne don in ji abin da ke shiga. In ba ta da su, to a ware kuɗin na'urar ɗaukar sauti daban, da makirfon sanda, da ƙananan nan na maƙalawa a wuyan riga, da mutum guda wanda aikinsa ke nan. Da kyamarar miliyoyi da sautin banza, gara tsohuwar kyamara da sauti mai tsabta. Na gwada duka biyun, ba labari aka ba ni ba.

Akwai kuma abin da ke ba sababbi mamaki. Yaro ya sayo kyamara da aka shigo da ita daga Amurka, ya kunna a ɗaki mai fitilar lantarki, sai ya ga hoto yana ƙyaftawa ko wasu layuka na hawa suna sauka, ya ce an sayar masa da mai aljanu. Lafiyarta ƙalau. Wutar Amurka na juyawa sau 60 a daƙiƙa, tamu da ta Nijar sau 50. A mayar da ita kan hoto 25 a daƙiƙa, a sa saurin buɗewa da rufewar idonta kan 1/50 na daƙiƙa, magana ta ƙare, sai fa in janaretan ne ke hawa da sauka. Haka rana: jarumi baƙi cikin farar shadda da tsakar rana, ko fuska ta nutse ko riga ta ƙone. Abin da ke rage ƙarfin ranar, ko da yake ba ya daidaita fuska da riga, shi ne baƙin gilashin da ke rage haske, wanda wasu kyamarori ke zuwa da shi a ciki, wasu kuwa sai ka saya ka ɗaura. Ga hunturu: duk sauya gilashin gaba da za ka yi a fili, ƙura ce ke shiga ta zauna a idon kyamara, ka dawo ka tarar da ɗigo baƙi a goshin amarya daga farko har ƙarshe.

Shi ya sa nake cewa aiki ke zaɓar kyamara. Mai ɗaukar tafsirin azumi ko taron siyasa ko kamu da ɗaurin aure, abin da yake buƙata kyamara ce mai gilashi a haɗe, mai jawo nesa kusa da yatsa ɗaya, mai batirin da zai yi awanni, mai gurbin memori biyu. Malam ba zai maimaita aya don katinka ya cika ba, kuma ango ba zai sake shigowa ba. Da yawa daga kyamarorin hoton kati na da can suna yanke ɗauka da kansu kafin minti 30 ya cika, kuma har yanzu suna yawo a kasuwa a matsayin na hannu. Mai fim kuwa, wanda ke da damar cewa a sake, shi ke cin moriyar irin su Blackmagic Pocket, mai kyan launi, wadda ake haɗawa da manhajar tacewa ta DaVinci Resolve. Amma ita ma da sharaɗinta: ba ta bin ɗan wasa ta daidaita gani da kanta, sai da hannun da ya iya, kuma tana son babban batir na waje. Sannan in ka ɗauka da launin nan mai fari-fari da ake gyarawa daga baya, ka tabbata mai tace maka ya iya gyaran. Na ga fina-finan da aka saki haka nan, kai ka ce a cikin hazo aka yi su.

Ba ina cewa manyan kyamarori ba su da rana ba. Wanda zai kai fim sinima, ko yake da yarjejeniya da kamfani irin Netflix, wanda ke da jerin kyamarorin da ya amince a yi masa nasa fina-finan da su, dole ya bi ƙa'idar mai saye. To amma shi ma haya ya kamata ya yi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a 2024, duk wani abu mai gilashi da batir ya bi ta. Aikin kwana goma sha huɗu bai kai a binne jari a ƙarfen da zai kwana a akwati wata goma sha ɗaya ba. In kuma sayen na hannu ya zama dole, kada a yi sayen kifi a ruwa: a kunna ta a shagon, a bar ta tana ɗauka rabin awa, a ɗauki farin bango a duba ɗigo, a gwada kowace kafa, a sa katin a kwamfutar da za a yi tacewar da ita a ga ko za ta iya ja.

Furodusan nan ya sake kira na bayan sallar layya, zai fara zango na biyu. Ya sayar da kyamarar da asara. Muka zauna da takarda muka fara da jerin wuraren da za a yi ɗauka, nawa ne na dare, nawa ne na ɗaki, nawa ne na rana tsaka. Muka yi hayar kyamara mai fanka, fitilu uku, makirfon sanda da na wuya biyu, muka sayi rumbun ajiya biyu, ɗaya na kwana a gidansa ɗaya a gidana. Da alhajin ya zo lokeshin ya ga kyamarar, ya tambaye ni ko wannan ma 8K ce. Na ce masa a'a, Alhaji, amma ga abin kunne, saurari abin da yarinyar can ke faɗa a bakin rijiya. Ya sa, ya yi shiru, sannan ya ce a ƙara masa murya kaɗan.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani tsohon mai ɗaukar hoto,
Titin Gidan Zu, Kano.