Ɗan haya ne ke fara kwana waje a Yamai

Malam Edita, assalamu alaikum.

Duk shekara idan damina ta ja baya, kukan kawo mana adadin gidajen da suka rushe da na buhunan shinkafar da aka raba, daga nan zance ya mutu sai baɗi. Ina roƙon fili in yi magana kan abin da ke biyo bayan rabon, domin da yawa daga cikin masu shimfiɗa kwali a rumfunan Katako da tashar Wadata cikin sanyin Disamba suna da ɗaki a watan Yuli.

Mu fara da yadda gida ke faɗuwa. Jama'a sun fi tuna kogin Kwara, kuma da dalili: a Satumban 2020 ruwansa ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, alhali jan gargaɗi daga 620 yake farawa, ya fasa madatsa ya shiga Lamorde da Karaje da Kirkisoi da Saga. Amma gidan ƙasa ba ya jiran kogi. Ruwan sama da ya kwanta a gindin bango kwana biyu ko uku ya ishe shi. Tubalin ƙasa yana tsotsar laima daga ƙasa zuwa sama, gindin ya yi laushi ya kumbura, nauyin rufi ya ƙarasa aikin, sau da yawa cikin dare mutane na barci. Shi ya sa unguwannin da ba su ko hango kogi suke binne mutane kowace damina. A 2024 abin ya shafi mutum sama da miliyan ɗaya a faɗin Nijar, sama da 300 suka rasu, har aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, ajujuwa da yawa na cike da waɗanda ruwa ya kora.

Maganin wannan magina sun san shi, kuma bai kai kuɗin tanti ba. Harsashi na dutse ko bulon siminti ya ɗago santimita 40 zuwa 50 sama da ƙasa kafin a ɗora tubali, a shimfiɗa leda mai kauri tsakaninsu don ta yanke laima. Indararo ya yi tsawon da zai watsa ruwa nesa da bango, a kuma zuba ƙasa a karkace a gindin gini don ruwa ya gangara waje. Yaɓe a sabunta shi a Afrilu ko Mayu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne shafa siminti kai tsaye a kan bangon ƙasa: ba sa kama juna, simintin ya tsage, ruwa ya shige bayansa ya kasa fita, bangon ya ruɓe daga ciki mai gida yana ganin waje sumul. Gwamnati ta rage farashin siminti a Oktoban 2024, abin a yaba ne, to amma wanda ya sayi buhu biyar gara ya sa su a gindin bango da ya ɓata su a fuskarsa.

Yanzu ga inda nake so ku sa ido. Idan gida ya faɗi, masu ƙidaya sukan zo tare da mai unguwa su rubuta sunan mai gida. A gida ɗaya kuwa ana iya samun iyali huɗu ko biyar 'yan haya, kowa da antire-kushe ɗinsa, wato ɗaki guda. Mai gida ya yi asarar gini amma filinsa na nan, takardarsa na nan. Ɗan haya ba shi da komai sai kwanuka da katifar da ta jiƙe, kuma idan sunansa bai shiga takarda ba, duk abin da za a raba daga baya ya wuce shi. Zai fita neman ɗaki a daidai lokacin da ɗakuna suka yi ƙaranci, haya ta tashi. Mu yi lissafi: a ce ɗaki jikka 15 ne a wata, wato sefa dubu 15, mai gida ya nemi na wata uku a gaba da ajiyar wata ɗaya, dillali ya karɓi nasa na wata ɗaya. Jikka 75 ke nan kafin a ba shi makulli, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jikka 42, shi ma ga wanda ke da albashin. Mai turin ruwa ko mai wanki da guga ina zai samo?

Daga nan gangarowa ake yi a hankali. Iyali su rabu, mata da yara su tafi wajen dangi, namiji ya koma kwana inda yake aiki. Wasu su samu kango su kafa bukkar zana a matsayin masu gadi, ranar da mai fili ya tashi gini ya ba su mako guda. Zumunci yana ɗauka wata ɗaya ko biyu, ba ya ɗaukar shekara a ɗakin da dama mutum takwas ke ciki. Yaro ɗan shekara 12 da ya ga babu wurin kwanciya babu tuwon dare sai ya bi abokai kasuwa, can kuma sholisho da tiramol ke jiransa.

Ba ruwa kaɗai ke koro mutane ba. Akwai waɗanda rashin tsaro ya taso daga ƙauyukan Tillaberi, akwai waɗanda aka zubar a iyakar Aljeriya suka tako zuwa Assamaka suka iso Yamai hannu wofi, akwai mai taɓin hankali da dangi suka gaji da shi alhali magani a kai a kai zai iya zaunar da shi gida. Sannan akwai matar da aka saka da dare aka ce ta kwashe kayanta, duk da ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ita daga ɗakinta cikin idda. Wannan malamanmu ya kamata su riƙa faɗa a huɗuba ba tare da kwana-kwana ba.

Yadda muke amsawa kuwa, mun iya sadaka, ba mu iya samar da rufi ba. Dala ashirin ta ƙofar masallaci tana sayen koko, ba ta biyan ajiyar ɗaki. Zakka da wakafi za su iya: kwamitin masallacin Juma'a guda ya biya wa iyali goma kuɗin shiga ɗaki kai tsaye a hannun mai gida, da rasit, ya fi a watsa kuɗin a hannun mutum dubu. Kame ma ba ya magani. Doka ta hana bara, an kuma kwaso 'yan ƙasarmu masu bara daga Senegal a 2022, amma wanda aka sauke a ƙauyen da rumbu ya ƙare zai sake hawa mota.

Sansani shi ma da ƙa'idarsa. Ma'aunin da masu aikin agaji na duniya ke bi shi ne murabba'in mita 3.5 na rufi ga kowane mutum, lita 15 na ruwa a rana, da masai ɗaya ga mutum 20 in ya yi yawa. Iyali mai mutum 7 na bukatar murabba'in mita 24.5 da lita 105 ke nan kullum. Idan aka gaza haka zawo da maleriya ke shigowa, mata kuma su daina fita masai da dare. Bayan ambaliyar 2012 an ba mutane filaye a Seno, can gefen gari. Ba da fili daidai ne, sai dai idan ruwan sha da makaranta da hanyar mota ba su riga mutum isa ba, mai kamun kifi da mai lambu za su koma bakin kogi inda abincinsu yake.

Abin da nake roƙon ma'aikatar magajin gari shi ne takardar ƙidaya ta riƙa bin murhu, kowace tukunya da sunanta, mai gida da ɗan haya daban-daban, da lambar waya. Ɗan haya a ba shi kuɗin ɗaki na wata uku maimakon a ƙara masa tabarma. Kada a fitar da kowa daga aji sai an nuna masa inda zai kwana a daren. A yashe magudanan ruwa da kwarin Guntu Yena a Mayu, kafin ruwan farko.

Ku kuma, Malam Edita, ku tura wakilinku a Disamba da takardar sunayen da aka rubuta a Agusta. Ya je Harobanda da Saga gida-gida, ya tambayi mai unguwa 'yan hayar gidajen da suka faɗi ina suke kwana yanzu, ku buga mana amsar.

Wassalam,
Mai karatunku daga Yamai