Sarkin da ya shiga dajin da kansa

Ɗana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mu nan sai godiya, zafi ne kawai ya matsa mana, rijiyar gida ta fara ja da baya. Baffanka yana samun sauƙi, jiya har ya taka zuwa zaure da sanda.

Ka san ni da kai ba mu saba doguwar magana ba. Kai ne na fari, kuma yadda aka rene mu, uba ba ya zaunar da ɗan farinsa ya buɗe masa ciki. Shi ya sa na ɗauki biro. Mahaifiyarka ta gaya mini abin da ka faɗa mata a waya, cewa tun da aka sace Baffa ba ka iya buɗe baki in an ɗauki waƙar da ke kiran Yesu Sarki, wai wane irin sarki ne ake kwashe talakawansa a gona yana kallo. Tana faɗa tana hawaye, tsoronta kada ka bar hanya. Ni ban tsorata ba. Tambayar nan ta girme ka, ta girme ni. A gindin gicciye aka fara yin ta, sa'ad da manyan firistoci ke cewa in dai shi ne Sarkin Isra'ila, to ya sauko mu gani.

Ina yaro ana kai mu cikin birnin Zariya kallon hawan Sallah. Har yau in na rufe ido ina jin kakaki da algaita, ina ganin dogarai da jajayen riguna, ga lema tana juyawa bisa kan Sarki, ga mahaya sun sako dawaki a guje sun zo sun yi jahi, ƙura ta turnuƙe. Abin ya shiga jinina, kuma ba na raina shi, ado ne na ƙasarmu. Amma da wannan hoton na girma ina karanta kalmar sarki a Littafi Mai Tsarki, kuma ya daɗe yana tare mini ido. Ina jin kai ma shi ne a gabanka.

Buɗe littafin Sama'ila na fari, sura 8. Isra'ilawa suka ce a naɗa musu sarki kamar sauran al'ummai. Sama'ila ya ce to ku ji halin sarki: zai ɗebi 'ya'yanku maza su yi gudu a gaban karusansa, 'ya'yanku mata su yi masa girki, zai karɓe gonakinku masu kyau, ya ɗauki ushirin hatsinku da na garkenku. Kalma guda ce ke ta dawowa a wurin, zai ɗauka, zai ɗauka. Sai ka juya zuwa Zakariya 9:9, inda annabi ya ce wa Urushalima ga sarkinki yana zuwa, mai tawali'u, a kan jaki. Jaki fa, abin da muke ɗora wa mangalar taki. Da Yesu zai shiga Urushalima ana saura 'yan kwanaki Idin Ƙetarewa, shi ya aika a kwanto masa aholaki, kuma aro ne, ba nasa ba. Bai rasa sanin doki ba. Zaɓa ya yi.

Bilatus, gwamnan da Romawa suka ajiye a Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa ta 36, ya san sarauta irin ta doki, don ita yake yi wa aiki. Shi ya sa ya rasa inda zai ajiye mutumin da ke gabansa, wato Yesu, wanda ya ce mulkinsa ba na wannan duniya ba ne, da na nan ne da barorinsa sun yi yaƙi. Sojoji suka yi masa naɗin ba'a: alkyabbar shunayya, kambin ƙaya a madadin rawani, kara a madadin sandar girma, suna durƙusawa suna cewa ranka ya daɗe. A bisa kansa aka kafa allo da Ibrananci da Latinanci da Helenanci, Yesu Banazare Sarkin Yahudawa. Firistoci suka je a gyara rubutun, Bilatus ya ce abin da ya rubuta ya rubuta. Duk taron nan mutum guda ne ya ɗauki allon da gaske, shi ma ɗan fashi ne da ke rataye a gefe, wanda ya ce Yesu ka tuna da ni in ka shiga mulkinka. Na sani wannan wurin zai yi maka ɗaci yanzu. Ni ma da na karanta shi a makon da Baffa ke daji, rufe littafin na yi.

Yanzu bari in gaya maka abin da ba ka gani ba, don kana can kana ta aiko da abin da ka samu. Mun sayar da shanun huɗa biyu da gonar fadama, zumuntar mata suka kawo nasu a ƙulle a bakin zane. Daren da kuɗin suka cika muka zauna a ɗakina da fitilar waya muna ƙirgawa, muna ɗaurewa da roba. Da aka gama, dattijon ikilisiya ya ce to, wa zai kai? Ɗakin ya yi tsit. Kowa ya san sau da yawa sukan karɓi kuɗi su riƙe ɗan aike. Ɗana, uwa ɗaya uba ɗaya muke da Baffanka, amma kaina na sunkuyar ina kallon tabarma. Abokinsa na yarinta ne ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya ce a zuba masa mai a babur. Ya tafi da asuba bai ko tashi matarsa ba.

Shekara 34 na yi ina koyarwa, na sha karanta wa yara Markus 10:45, cewa Ɗan Mutum bai zo a yi masa hidima ba, sai domin ya yi hidima, ya kuma ba da ransa fansa saboda mutane da yawa. Ranar ce na fara jin nauyin ayar. Tara kuɗi da wuya, amma ana tarawa. Shiga dajin ne ba mai so. Kakanninmu ma sun san kalmar fansa tun kafin Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932. A zamanin bauta bawa kan yi murgu, yana biyan ubangidansa yana tara ɗan abin da ya rage, wani ya shekara goma bai fanshi kansa ba, wani kuma sai dangi sun zo da dukiya. Manzo Bitrus ya ce mu ba da azurfa ko zinariya aka fanshe mu ba, da jinin Almasihu ne. Sarkin bai tara jama'a a yi karo-karo ba, bai kuma nemi ɗan aike ba. Shi ne kuɗin, shi ne mai kaiwa, kuma an riƙe shi.

Sai dai kada ka ja misalin ya wuce inda ya tsaya. Wasu malaman ikilisiya na farko sun ɗauka wa Shaiɗan aka biya fansar, har Anselm, babban bishop na Kantabari a Ingila, ya ƙi wannan fiye da shekara 900 da suka wuce, ya ce Shaiɗan ba shi da haƙƙi a kan kowa, ɓarawo ne. Ina tare da shi. Allah ba ya ciniki da ɓarawo. Bashin namu ne a gaban Allah, kamar yadda Ishaya 53 ya ce an soke shi saboda laifofinmu. Kuma dajin bai iya riƙe shi ba, a rana ta uku ya fito.

Don haka in wani ya zo maka da zancen cewa abin da aka yi wa Baffa alheri ne a ɓoye, kada ka karɓa. Mugunta ce, kuma akwai ranar shari'a, Sarkin nan da aka yi wa ba'a shi zai zauna a kujera. Hukuma ma ka ci gaba da ƙwanƙwasa mata ƙofa, tsaron rai aikinta ne. Abin da na hana ka shi ne maganar da na ji kuna yi da 'yan uwanka, ta ramuwa a kan rugar da ke bayan rafi. Ba su suka ɗauke shi ba, su ma an kore musu shanu bara. Bitrus ya zare takobi a daren da aka kama Yesu, ka san abin da aka ce masa, ya mai da shi kube.

In waƙar ba ta fita, kada ka tilasta wa bakinka. Je ka zauna a benci na baya ka yi shiru, Zabura 22 ma da kuka ta fara, kuma ita Yesu ya ɗauka a kan gicciye. Amma ka zo gida Ista. Ƙafafun Baffa har yanzu da miki inda sarƙa ta ci, safe da yamma ake wankewa da ruwan ɗumi da gishiri, ni kuma bayana ba ya barina in daɗe a sunkuye. Ka taho da bandeji da auduga, na nan sun yi tsada. Ka kuma sayo yadi mai kyau na abokin Baffa, har yau ban iya haɗa ido da shi ba, ina so mu je tare.

Mahaifiyarka na gaishe ka, ta ce a shafa mata kan yara.

Ni ne,
Mahaifinka