Barka da Sallah daga Kanada, ga kuma shawarar da na yanke

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba da Inna, bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina yi muku barka da Sallah. Allah ya karɓi layyarmu, ya maimaita mana, ya sa da mu za a ga ta baɗi. Ina gaida Gwaggo da jiki, ina gaida Yaya da maigidanta da yara, da Auta, da maƙwabta baki ɗaya. Da fatan kuɗin da na turo sun iso kafin kasuwar Pitowa ta Lahadi, don Yaya ta ce bana rago sai wane da wane.

Sa'ad da na tashi sallar asuba a nan Sharbruk, na san kuna filin idi. Mu a wani babban ɗakin wasanni da aka yi haya muka yi tamu, yawanci 'yan Maroko da Aljeriya, sai 'yan Senegal da mu tsiraru. Ba a yanka a gida a ƙasar nan. Ragona yana wata gona a bayan gari, can za a yanka, gobe in je in karɓo naman a kwali. Layya ta yi, alhamdu lillahi, amma babu ƙaurin babbakar kai da ƙafafu, babu hantar da Inna take fara gasa wa Baba kafin kowa ya taɓa komai. Da rana na kaɗa miyar kuka da ragowar wadda aka aiko mini, na tuƙa tuwon semo, na kira abokai biyu muka ci.

Na zaɓi in rubuto maimakon in kira, domin maganar tana da tsawo, layi kuma yana yawan yankewa. Auta, ki karanta musu a hankali, kada ki tsallake komai.

Kun san karatu ya ƙare. An ba mu zoben ƙarfen nan da injiniyoyin Kanada suke sawa a ƙaramin yatsa, al'adar da suka fara tun 1925, don mutum ya riƙa tuna cewa rayukan jama'a suna kan abin da ya gina. Yana hannuna yanzu da nake rubutu, yana ƙwanƙwasa tebur. Na nemi takardar izinin aikin da ake ba wanda ya gama jami'a, wadda takan kai shekara 3. Cikin waɗannan shekarun ne mutum zai tara ƙwarewar da zai nemi takardar zama ta dindindin da ita. Saboda haka garin da zan zauna ba ƙaramar magana ba ce, wata uku ke nan tana hana ni barci.

Baba, ban manta abin da kuka ce ba: in zauna inda namu suke, kusa da Kawu a Montiriyal. Na auna maganar sosai, kuma tana da nauyi. Daga nan zuwa can kilomita 150 ne kawai. Ana Faransanci, 'yan Kamaru sun yi yawa, akwai shagon da za ka shiga ka sami manja da busasshen kifi kamar kana Duwala. Kawu ya ce ɗaki yana nan, ba sai na biya ko sisi ba. Allah ya saka masa, shi ya tarbe ni a filin jirgi ranar da na zo da 'yar rigar da ba ta tare sanyin Ngaundere ma, balle na nan. Toronto ma an kira ni, albashin ya fi ko'ina, amma da na cire kuɗin haya da na jirgin ƙasa sai na ga abin da zai rage bai kai in riƙa turo muku yadda nake so ba. Bankuba kuwa, can bakin teku, ita ce mafi sauƙin sanyi, ga duwatsu a bayan gari, sai dai gida ya yi tsadar da ba a magana, kuma daga Nuwamba zuwa Maris yayyafi ne da hadari kusan kullum.

Na yi istihara, na yi shawara, zuciyata ta kwanta a kan Kalgari, a jihar Albata. Na karɓi aikin da aka ba ni a can. Na san da nisa: daga Montiriyal fiye da awa 4 ne a jirgin sama. Ina roƙon ku saurari dalilina kafin ranku ya ɓaci.

Akwai abin da ban taɓa gaya muku ba. Hunturuna na farko a nan na sha wuya, kuma ba sanyin ne ya fi damuna ba, sanyi ana sa masa riga. Duhu ne. A watan Disamba ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Ka fita da safe da duhu, ka dawo da duhu, tsakanin nan kuma sama a rufe take kamar an kifa tukunya, wani lokaci kwanaki a jere. Ni da na tashi a Garwa, inda a watan Afrilu zafi yake wuce digiri 40, muna neman inuwar dalbejiya muna yi wa rana Allah wadai, ban taɓa zaton mutum yana iya yin ciwo don rashinta ba. Jikina ya mutu, abinci ya fita raina, in buɗe littafi in yi awa ban juya shafi ba. In Inna ta kira in ce lafiya lau. Likita ya auna jinina ya ce sinadarin bitamin D ya yi ƙasa, wanda jiki yake samu daga hasken rana, ya ce masu baƙar fata sun fi fama da hakan a ƙasashen nan. Ya ba ni ƙwayoyi, ya kuma ce in riƙa fita.

Wani ɗan ajinmu ne ya ja ni wata Asabar zuwa dutsen Orford da ke kusa da mu. Ya ɗaura mini wasu takalma masu faɗi kamar faifai, na tafiya a kan dusar ƙanƙara don kada ƙafa ta nutse. Muka yi ta hawa cikin itatuwa, ba ka jin komai sai numfashinka. Da muka kai sama gajimare ya tsage, rana ta bugi farin ƙasar nan har sai da na runtse ido. Ranar na yi barcin da na yi wata biyu ban yi irinsa ba. Tun daga nan ban bar fita ba, kuma da ita na gama karatun nan.

Na san a gida in aka ce saurayi ya ɗauki jaka ya tafi hawan dutse ba don itace ba, ba don farauta ba, sai a ce aikin Nasara ne, ko rashin abin yi. Amma Baba, ku ma ba ku iya wuni a ɗaki. Tun ina yaro, in an yi la'asar sai kun ɗauki sanda kun gangara bakin Binuwai, ko da babu abin dubawa a lambu. Ku kuka nuna mini dorina na farko, kuka riƙe mini hannu kuka ce in dubi kunnuwanta kawai da suka fito. Ku kuka bar ni na bi su Yaya zuwa dutsen Tingilin. Jinin nan ne bai bar ni ba.

Kalgari ba ji na yi ba, gani na yi, don can na yi wata huɗu na koyon aiki bara. A cikin manyan garuruwan Kanada babu wanda ya kai ta samun rana, kusan awa 2,400 a shekara. Tana kan tudu, mita 1,045, kusan daidai da Ngaundere, iskarta busasshiya irin tamu ta hunturu mai fasa leɓe. Ƙasar shimfiɗe take, ciyawa da shanu iya ganinka, sama a buɗe kamar hanyar Marwa. In ka juya yamma kuma sai ga duwatsun Roki sun yi layi da farin kai. Ba zan ɓoye muku ba, sanyinta yakan kai digiri 30 ƙasa da sifiri. Sai dai suna da wata iska mai ɗumi da suke kira shinuk, tana gangarowa daga duwatsun a tsakiyar hunturu, cikin 'yan awoyi ƙanƙara ta fara narkewa, mutane su cire manyan riguna. Abokan aikina sun ce wasu tana sa musu ciwon kai. Ni dai sanyi da rana ya fi mini sauƙin sanyi da duhu.

Awa ɗaya da rabi a mota ka isa Banf, gandun dajinsu na farko, tun 1885 aka keɓe shi, kamar yadda aka keɓe Waza da gandun Binuwai a wajenmu. A can akwai tafkin Luwis. Inna, ruwan nan shuɗi ne mai ratsin kore, kamar an jiƙa shuni an zuba masa nono. Na ɗauka hoto ne ake gyarawa sai da na tsaya a bakinsa. Daskararriyar ƙanƙarar da ke kan dutse ce take niƙa dutsen ya zama gari, garin ya bi ruwa, in rana ta haska sai launin ya fito. Na yi alwala da shi a watan Agusta, kafin in kai ga wanke ƙafa yatsuna sun ƙage. Na shimfiɗa rigata a kan tsakuwa na yi azahar, duwatsu sun kewaye ni, kuma na daɗe ban ji sallah ta shige ni kamar ranar ba.

Na san Inna za ta tambayi namun daji. Akwai wata dabba da ake kira beyar, ta fi kura girma nesa ba kusa ba. Ba a shiga dajin mutum ɗaya, ana tafiya ana magana da ƙarfi don ta ji ta kauce, kowa kuma yana rataye da gwangwanin feshin barkono a ƙugu. Na yi muku alkawari ba zan karya waɗannan ƙa'idoji ba.

Aikin kuwa shi ne wanda na karanta, harkar ruwa. A 2013 kogin Bo da ɗan'uwansa Elbo sun yi ambaliya sun shiga har tsakiyar garin, tun daga lokacin suke ta gina katangu da wuraren tare ruwa. Kamfanin da ya ɗauke ni irin wannan aikin yake yi. Ranar da aka fara nuna mini taswirar inda ruwa ya kai, abin da ya faɗo mini shi ne damunar 2012, da Binuwai ta cika aka buɗe madatsar Lagdo, yadda muka kwana muna ɗora buhunan dawa a kan benci, da gonakin mutane da suka tafi. Abin da zan koya a can abu ne da Garwa take bukata, kuma ban cire rai da kawo shi gida ba. Arzikin Albata a kan man fetur yake, wannan ne abin tsoronta: da farashi ya faɗi a 2014 da 2015 an sallami ma'aikata da yawa. Shi ya sa da aka yi mini maganar aiki a wajen haƙar mai can arewa, mai kuɗi sosai, na ƙi. Ko mai ya tashi ko ya faɗi, gari ba ya daina bukatar ruwan sha da magudana. Wasu shekarun kuma hayaƙin gobarar daji yakan rufe garin da rani, ƙanƙarar sama takan farfasa gilashin motoci. Duk na sa su a ma'auni.

Wani abin da Kawu da kansa ya yarda da shi: Faransancin da a Kebek, jihar da Sharbruk da Montiriyal suke ciki, kowa yake da shi, a wajen Kebek daraja gare shi. Gwamnatin tarayya tana ba masu jin sa ƙarin maki wajen neman takardar zama, tun 2023 ma ta ware musu layinsu daban. Ga shi Albata ba ta ɗora nata harajin a kan sayayya, kashi 5 na tarayya kawai ake biya, a Kebek kuwa kusan kashi 15 ne. A lissafina, daga wata na uku zan iya ɗaukar kuɗin makarantar Auta gaba ɗaya, in Allah ya ba ta bak ɗin nan, wato jarrabawar kammala sakandare.

Game da addini, Baba, hankalinku ya kwanta. Masallatai suna nan, arewa maso gabashin garin cike yake da Musulmi 'yan Pakistan da Somaliya da Labanan, naman halal ba ya wuya, ƙasar shanu ce. Musulmi ne ma, Naheed Nenshi, ya riƙe kujerar magajin garin daga 2010 zuwa 2021. A Edmonton, babban birnin jihar, aka gina masallacin farko a Kanada a 1938. Na haɗu da Hausawa biyu a masallacin Juma'a, ɗaya ɗan Damagaram, ɗaya ɗan Yola mai jin Fulatanci kamar a Garwa aka haife shi, shi ne ma ya samo mini ɗaki kusa da tashar jirgin cikin gari. Wahalar kawai lokutan sallah ne a wannan watan: rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, isha ta wuce sha ɗaya, asuba kuma tun kafin huɗu. Azumi dai yanzu yana matsawa cikin hunturu, ranakun gajeru ne. A watan Yuli suna da bikin dawaki na kwana 10 da suke kira Stampede. Bara da na ga mahaya sun jeru sai da hawan Lamido ya faɗo mini, na tsaya a cikin taron ina kewar gida.

An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma na san nisa da Kawu ƙarin nisa ne da ku. Wannan ne ya fi yi mini nauyi a duk lissafin. Na je na same shi da kaina makon jiya, ya yi shiru, daga baya ya ce in dai kun sa albarka shi ma ya sa. Ita nake roƙo. In na yi gaban kaina wajen karɓar aikin kafin in sanar da ku, ku yi mini aikin gafara, kwana biyar kawai suka ba ni in ba da amsa.

Hayar ɗakina tana ƙarewa 30 ga Yuni, kamar ta yawancin mutanen Kebek, washegari zan tashi. Daga nan tazarar lokaci tsakaninmu za ta koma awa 7 maimakon 5, saboda haka kiran Juma'a sai bayan kun yi isha. Inna, in an sami mai zuwa, a ƙulla mini kuka da kuɓewa busasshiya da yakuwa, a rubuta sunan kowanne a jikin leda. Kada a sa kilishi ko soyayyen naman layya, ba sa barin nama ya shigo, a filin jirgi za su karɓe. Rabona a ba Gwaggo.

Ku huta lafiya.

Ɗanku mai neman albarkarku,
daga Sharbruk, ranar Sallar Layya.